Ranar da sabar waƙoƙin shagon Kawu ta fara tashi da kanta

Asabar, Tudun Wadan Zariya.

Da hantsi na isa shagon ɗinkin Kawu, keken ɗinki uku na ta ƙara amma lasifika shiru. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya nuna ƙarƙashin teburin yanka ya ce, "Ɗan nan, abin nan naka in aka ɗauke wuta ya mutu ke nan sai an nemo ka. A yi masa magani yau." Gaskiyarsa. Tsohuwar laftof ce mai tsarin aiki na Linux da ake kira Debian 12, an jona mata faifan waje mai terabait 1 cike da waƙoƙi da karatu da tafsirin da aka kwashe daga kaset. Manhajar Navidrome ce ke raba su ga wayoyin yaran shago ta wayifai, ba a cin data ko ta kwabo. Matsalar ita ce da hannu ake tayar da ita a tagar umarni. Duk shirin da aka tayar haka ɗan tagar ne: da an rufe ta, sai a aika masa da siginar SIGHUP ya bi ta. In kuma kwamfutar ta mutu ta dawo, babu wanda ya gaya mata akwai abin da za ta kunna.

Maganin shi ne a damƙa ta hannun systemd, wanda Debian ta ɗauka a matsayin mai tayar da hidimomi, wato shirye-shiryen da ke aiki a bayan fage, tun fitowa ta 8 a 2015. Shi ne shiri na farko da ke tashi, lambarsa 1, kuma ba ya jiran kowa ya shiga da kalmar sirri.

Na fara da buɗe wa manhajar asusunta na kanta: useradd --system --user-group --shell /usr/sbin/nologin navidrome. Asusu ne da ba a iya shiga da shi, aikinsa kawai ya riƙe wannan hidima. Ba na yarda a gudanar da abin da ke sauraron hanyar sadarwa da ikon root, asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfuta, domin in aka sami ɓaraka a cikinsa, an sami kwamfutar gaba ɗaya. Shirin kansa na sa shi a /opt/navidrome, ma'ajiyar bayanansa a /var/lib/navidrome, na mallaka wa sabon asusun ita da chown -R. A fayil ɗin saitinta, navidrome.toml, layi biyu suka isa: MusicFolder ya nuna /srv/wakoki, DataFolder ya nuna /var/lib/navidrome. Ƙofar da take saurare a kai 4533 ce, ban taɓa ta ba. Na kuma tabbatar akwai ffmpeg, don shi ke sauya fayil mai nauyi zuwa wanda waya za ta ja ba tare da tsinkewa ba.

Sai takardar hidimar, /etc/systemd/system/navidrome.service. Sashe uku gare ta, ana rubuta sunan kowanne tsakanin baka biyu masu kusurwa. A sashen Unit na sa Wants=network-online.target da After=network-online.target. Dole su zo tare: na farko yana cewa a tayar da network-online.target ma, wato matakin da ke nuna hanyar sadarwa ta kama, na biyu yana cewa a jira shi tukuna. A sashen Service na sa User da Group duka navidrome, WorkingDirectory=/var/lib/navidrome, sai ExecStart=/opt/navidrome/navidrome --configfile /var/lib/navidrome/navidrome.toml, da cikakkiyar hanya tun daga tushe. Ƙarƙashinsu Restart=on-failure da RestartSec=10, wato in ta faɗi a sake tayar da ita bayan daƙiƙa 10. A sashen Install layi ɗaya ne, WantedBy=multi-user.target, wato ta shiga sahun abubuwan da ke tashi in an kunna kwamfuta.

Wannan daƙiƙa 10 ba ado ba ce. In ba a rubuta ta ba, systemd na sake tayar da abin da ya faɗi bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma in ya tayar sau 5 cikin daƙiƙa 10 sai ya haƙura ya bar shi a mace. Ɗan jinkirin nan ke hana a kai ga wannan iyaka.

Na buga systemctl daemon-reload don systemd ya karanta sabuwar takardar, sannan systemctl enable --now navidrome. Mutane da yawa a nan suke faɗawa rami: start kaɗai yana tayar da hidima yanzu ne, gobe ba ruwansa, enable ke ƙulla ta cikin jerin abubuwan da za su tashi tare da kwamfuta. Na duba da systemctl status, sai ga jan rubutu, status=203/EXEC. Wannan lamba na nufin an je wurin shirin an kasa gudanar da shi. Sabon kwafin shirin da na kawo, ta filashi ya biyo, kuma filashi mai tsarin FAT ba ya riƙe alamar izinin gudanarwa. Da chmod +x ya warke. Akwai 'yan'uwanta biyu da ya kamata mutum ya haddace: 217/USER, asusun da aka ambata babu shi, da 200/CHDIR, babu foldar da aka ce a yi aiki a cikinta.

Faifan ne ya cinye yawancin ranar, kuma nan ne ainihin aikin yake. A da, sai mutum ya shiga da kalmar sirrinsa sannan faifan ke bayyana ƙarƙashin /media, a foldar da shi kaɗai ke da izinin leƙawa. Ga hidimar da ke tashi kafin kowa ya shiga, kuma da wani asusu dabam, wannan ba shi da amfani ta fuska biyu. Na ciro lambar faifan da blkid, na ƙirƙiri /srv/wakoki, na ƙara layi a /etc/fstab, jerin faifan da kwamfuta ke jonawa da kanta in ta tashi: lambar nan ta faifan da ake kira UUID, sai /srv/wakoki, sai tsarin faifan wato exfat, sai ro,nofail,umask=022, sai sifili biyu. Da lamba ake kiran faifai, ba da suna irin /dev/sdb1 ba, domin in yaro ya soka filashi kafin a kunna, sunayen na iya musanyawa. Tsarin exFAT bai san mai fayil ba, shi ya sa umask=022 ke ba kowa damar karantawa. Kalmar ro kuwa na nufin karatu kawai, ba rubutu. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, faifan da ba a rubutu a kansa ba kasafai fayilolinsa ke lalacewa don an katse shi ba. Ranar da za a ƙara waƙoƙi sai a buɗe shi da mount -o remount,rw, a gama a mayar.

Ita nofail takobi ce mai kaifi biyu. In babu ita, kuma faifan bai bayyana ba, kwamfuta za ta jira daƙiƙa 90 sannan ta tsaya a yanayin gaggawa tana neman kalmar sirrin root, ga shi babu mai kallon allonta. In akwai ta, tashi na ci gaba, amma ba a ƙara jiran faifan. Na sake kunnawa don gwaji, sai ga abin da nake tsoro. Hidimar ta tashi kore shar, faifan waje mai juyawa bai gama ɗaukar gudu ba. Ƙaramin yaron shago ya miƙo mini waya yana cewa, "Yaya, ga sunayen nan duk amma ba ta yi." Sunayen daga ma'ajiyar bayanai suke fitowa, fayilolin kuwa a lokacin foldarsu fayau take. Na duba journalctl -u navidrome -b, rahoton ya nuna manhajar ta riga faifan isowa. Layi ɗaya ya raba gardama, a sashen Unit: RequiresMountsFor=/srv/wakoki. Yanzu hidimar ba ta motsi sai faifan ya zauna daram. Abin lura, in faifan ba ya nan sam, Restart ba zai taimaka ba, don ba faɗuwa ta yi ba, hana ta tashi aka yi. Sai an jona shi an buga systemctl start da hannu. Na fi son haka a kan ta tashi tana nuna wa mutane abin da ba za ta iya ba su ba.

Bayan Azahar na koma kan laftof ɗin kanta. Rufe murfi na kwantar da ita barci, don haka a /etc/systemd/logind.conf na sa HandleLidSwitch=ignore. Na kuma toshe barcin gaba ɗaya da systemctl mask sleep.target suspend.target hibernate.target hybrid-sleep.target, domin allon shiga ma kan kwantar da kwamfuta in an jima ba a taɓa ta ba. Na bar wayifai ga wayoyi, ita na ja mata igiya zuwa rauta, a can kuma na ware mata adireshi ɗaya, 192.168.1.20, don kada gobe ta karɓi wani yara su yi ta neman ta. Batirinta bai fi minti ashirin ba. A cikin BIOS, saitin da ake shiga tun kafin Debian ta tashi, akwai zaɓin da ke kunna ta da zarar caja ta sami wuta. Ba kowace laftof ke da shi ba, wannan ta yi sa'a, na kunna shi.

Gwaji biyu na yi kafin La'asar. Na kashe shirin da ƙarfi, systemctl kill -s SIGKILL navidrome, ina kallon agogo, a daƙiƙa ta goma ya dawo. Da SIGKILL ake wannan gwaji, domin SIGTERM a wurin systemd mutuwa ce ta lumana, on-failure ba ya tayar da wanda ya tafi haka. Sannan na tsayar da hidimar, na kwafe fayil ɗin ma'ajiyar bayananta, navidrome.db, zuwa filashi, na sake tayar da ita. A cikinsa asusun yara da jerin waƙoƙin da kowa ya tsara suke, kuma kwafin da aka ɗauka tana cikin rubutu ba abin dogaro ba ne.

Gwaji na uku ba ni na shirya shi ba. Dab da Magariba aka ɗauke wuta, na ce kada kowa ya tayar da janareta sai batirin ya ƙare. Muka yi salla muka dawo, laftof ta mutu murus. Kawu ya ja igiyar janareta. Fitilar rauta ta fara ƙyaftawa, faifan ya yi 'yar ƙararsa ta ɗaukar gudu, murfi na rufe babu wanda ya taɓa shi. Bai kai minti biyu ba yaron nan ya danna wayarsa, karatu ya cika shago.

Abin da ya rage fanka ce. Ƙurar hunturu da zaren yadi sun toshe ramukan iskar, gefen hagu na zafi kamar dutsen guga. Na ɗaga ta a kan ƙyauren katako biyu don iska ta shiga ta ƙasa, ranar Litinin zan zo da sukudireba da buroshi in buɗe ta.