Kwalbar da na tarar a ɗakin ƙanwata

Kwana biyu da dawowata Damagaram daga karatu a Faransa, na ga wata kwalbar siro a kan tagar ƙanwata, a gidanmu na Birni. A kasuwa ta saye ta, wai maganin ƙara ƙiba. Na juya kwalbar na karanta: cyproheptadine. Gabana ya faɗi, domin wata shida na yi ina yi wa ɓeraye allurar wani ɗan uwansa.

Wanda na yi aiki da shi sunansa ketanserin, kamfanin Janssen na Beljiyam ya samar da shi a 1980. Serotonin sinadari ne da ƙwayoyin jijiya ke aika saƙo da shi, kuma kafofin da ke karɓarsa a jiki sun kai iri 14. Ketanserin yakan toshe ɗaya daga ciki, 5-HT2A, kamar makullin da ya karye cikin kwaɗo. Mai bincike sai ya toshe kafar, ya zuba ido ya ga me zai ɓace. Ta haka ne Franz Vollenweider da abokan aikinsa suka nuna a Zurik, a 1998, cewa wanda aka fara ba ketanserin, psilocybin, sinadarin wasu laimar kwaɗi mai juya hankali, ba ya sa shi gane-gane.

Aikina shi ne in yi wa ɓera allura, in jira rabin awa, in saka shi cikin akwati mai zanen layuka a ƙasa, in ƙirga nawa ya tsallaka. Waɗanda suka sha allura suka lafe a kusurwa, gashin bakinsu kawai ke motsi. Cikin murna na rubuta cewa toshe serotonin ne ya kashe musu jiki.

Malamata ta karanta, ta ce, “Ka auna bugun jininsu?” Ban auna ba. Ashe ketanserin ba ƙofa ɗaya yake rufewa ba. Yana toshe kafar alfa-1 ta adrenalin, wadda ke sa jijiyoyin jini su matse, sai jini ya sauka, har an sayar da shi a matsayin maganin hawan jini. Yana kuma taɓa kafar histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da atishawa, toshe ta kuwa na jawo barci. To wanne ne ya kwantar da ɓerayena? Dole na sake komai da volinanserin, wanda ya fi tsayawa kan 5-HT2A, ga kuma rukunin ɓerayen da aka yi wa allurar ruwan gishiri zalla don kwatantawa, kuma wani ne ke cika sirinji don kada in san wane ɓera ya samu me. Wata uku suka tafi a haka, kuma ban yi da-na-sani ba.

Shi ya sa na zaunar da ƙanwata. Ta ce, “Yaya, ai cin abinci kawai yake sa ni.” Na tambaye ta barci fa? Ta sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa daga bakin murhu: sai hantsi take tashi, kullum tana kukan bushewar baki. Na gaya musu maganin ƙaiƙayi da atishawa ne tun asali, yana toshe histamin da serotonin tare, buɗe ciki ɗaya ne kawai cikin abubuwan da yake yi. Washegari da safe na ɗauke ta a babur muka tafi ganin likita, kwalbar tana aljihuna.