Hannunka Mai Sanda a Ɗakin Tace Fim

Mu huɗu ne a ɗan kamfanin nan, aikinmu tace fim, wato yanka da haɗa hotuna bayan an ɗauka, da kuma gyaran labari kafin a fita ɗauka. Abin da ya fi kawo mana masu aiki shi ne fim mai juyi a ƙarshe, irin wanda ɗan kallo zai dafe kai ya ce ashe biri ya yi kama da mutum. A nan gwanintarmu take, a nan kuma muke shan jayayya da furodusoshi.

Dole ne a yi wa mai kallo hannunka mai sanda tun da wuri, in ba haka ba idan juyin ya zo sai ya ji an yaudare shi. Anton Chekhov, marubucin Rasha da ya rasu a 1904, ya bar wa marubuta wata ƙa'ida: in ka rataye bindiga a bango a farkon wasa, to sai ta tashi kafin a gama. Damuwar ita ce 'yan kallo ma sun haddace ƙa'idar. Da zarar kyamara ta daɗe a kan wani abu, sai su ce ruwa ba ya tsami banza, su bar bin labari su koma farauta. Wanda ya cafke maka sirri a minti na 20, sauran fim ɗin zaman jira kawai yake yi.

A hannun maigidana na koyi wannan. Akwai wani aiki da ya ba ni, inda direba ne ke cin amanar mai gida. A wata fitowa uwargida tana neman mukulli hankali a tashe, sai direban ya ja wata durowa ya miƙa mata, alhali an ce bai taɓa shiga ɗakin ba. Na bar hannunsa a kan durowar har sakan uku, na ɗora kiɗa mai razanarwa. Maigidana ya kalla sau ɗaya ya ce, "Yaro, ka gama fim ɗin tun yanzu." Ya ja kujera kusa da ni. Hoto 24 ne ke wucewa a sakan ɗaya, wato na bar 72. Muka yi ta ragewa ɗaya bayan ɗaya har suka koma 14, ya cire kiɗan gaba ɗaya, ya ɗaga muryar matar da kukan jaririnta. Ido ya ga hannun, amma zuciya tana wajen uwargida. Ranar da aka haska fim ɗin, da asiri ya tonu, na ji wani a bayana yana cewa, "Kai, durowar nan!" Har yau ina jin daɗin wannan kalma.

Shi ya sa a wurinmu kowace alama sai mun ba ta wani aiki na daban a cikin fitowar: ta ba da dariya, ko ta warware wata ƙaramar matsala, don kada a tsaya a kanta.

Amma sai furodusa ya zo ya ce, "Malam, a matso da hoton sosai, kada mutane su rasa." Ga kuma masu arahar aiki da suka cika ko'ina, waɗanda sauti ɗaya suka mallaka, duk inda mugu ya leƙo sai su buga shi. Fim nawa aka kawo mana gyara bayan sun lalata shi haka? Raina mai kallo ne, ba wani abu ba.

Akwai inda muke bayyana alama da gangan. Alfred Hitchcock, shahararren daraktan fim ɗan Birtaniya, ya yi misali da bam a ƙarƙashin tebur: in ya fashe ba zato, razanar sakan 15 ce, in kuwa an nuna wa 'yan kallo shi tun farko, za su yi minti 15 zuciya na dukan uku-uku. Wani lokaci kuma tarko muke ɗanawa, mu haska mutum ɗaya har zargi ya tattara a kansa, mai laifin na gefe yana zuba shayi. Kafin mu taɓa kwamfuta, mukan zauna da darakta mu tantance wanne yake so a cikin ukun, kuma ba ma miƙa aiki sai mun zaunar da wanda bai san labarin ba, mu tsayar da fim a tsakiya mu tambaye shi wa yake zargi.