Layin da ya yaudare ni wajen neman makarɓin GHRH

Na shafe kusan wata huɗu ina ƙoƙarin nuna furotin ɗin GHRHR a glandar fitiyutari da ke ƙasan ƙwaƙwalwar ɓera, wato makarɓin da ke fatar ƙwayoyin somatotirof, wanda hormon GHRH ke ɗafewa idan ya sauko daga haifotalamus (wani sashe na ƙwaƙwalwa), sai ƙwayar ta saki hormon girma. Abin da ya ja ni ga aikin shi ne halin wasu iyalai a Itabaianinha ta Brazil da lardin Sindh na Pakistan, waɗanda tawayar wannan furotin ɗaya tak ta hana su tsawo.

A gwajin, ana tura samfur cikin jel don furotin su rabu bisa nauyi, sai antibodi, wato abin da ke kama furotin ɗin da ake nema, ya nuna shi a matsayin layi a kan fim. Kuskurena na farko shi ne tafasa samfur a digiri 95, kamar yadda na saba. Wannan makarɓi yana ratsa fatar ƙwaya sau bakwai, zafi kuma dunƙule shi yake yi, ya maƙale a saman jel ya ƙi sauka. Da na koma digiri 37 na minti 30, sai layi ya fito kusa da nauyin kilodalton 50, inda ake sa ran ganin GHRHR, furotin mai amino asid (tubalan ginin furotin) 423.

Na yi murna ƙwarai, har na fara tsara hoton rahoto. Shugabar ɗakin gwajinmu ta ɗaga fim ɗin zuwa haske, ta dube shi, ta ce in kawo mata samfurin da babu makarɓin a cikinsa. Na ɗauki ƙwayoyin HEK293, da ake renonsu a ɗakin gwaji, kashi biyu, na sa wa ɗaya jin (gene) ɗin GHRHR, wato umarnin gado na ƙera makarɓin, na bar ɗayan haka nan. Layin ya fito a duka biyun, kauri ɗaya. Ashe antibodin da muka saya da tsada wani furotin dabam yake kamawa. Gwajin toshe antibodin da feftaid, wato guntun furotin, wanda na dogara da shi, bai tona wannan ba, domin iyakarsa ya nuna antibodin na kama feftaid ɗin da aka yi shi da shi.

Yanzu ba na sayen antibodi sai na san ɓangaren da yake kamawa, saboda nau'in makarɓin da ake kira SV1, da ake samu a ciwace-ciwacen daji, ba shi da amino asid 89 na farko, don haka antibodin da aka yi don farkon furotin ɗin ba zai gan shi ba. Antibodi na uku ne ya ba da layi a ƙwayoyin da aka sa wa jin ɗin kaɗai, kuma da shi na koma kan fitiyutari.