Godiya bayan baje kolin zanen Malam a Jos

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an tashi baje kolin lafiya. Mu 'yan kwamitin shirya taron muna gode wa dattawan da suka sa albarka, da malaman da suka kawo ɗalibai, da iyayenmu mata da suka ciyar da baƙi. Kafintocin da suka haɗa firam da masu yankan gilashi, Allah ya yi wa sana'arku albarka, domin ko zane ɗaya bai goge ba.

Malam bai taɓa shiga ajin zane ba, kuma ba ya kwafa daga hoto. Abin da idonsa ya riƙe a tafiye-tafiye shi yake haɗawa yadda ransa ya so. Shi ya sa kuka ga Dutsen Wase a bakin kududdufin haƙar kuza irin na Rayfield, duwatsun Riyom kuma suna kallon ruwan Gurara. Da fensir 2B yake yin tsaunukan nesa, na kusa kuma da fensir 6B, wanda ya fi shi baƙi, da gawayi, hazo kuwa da ɗan tsumma yake murza shi.

Waɗanda suka saya, mun gode, amma ga amana. Gawayi ba ya shiga takarda, a samanta yake zama. An fesa masa maganin riƙewa sau biyu daga nisan santimita 30, duk da haka yatsa na iya ɗebe shi. Kada gilashi ya taɓa zanen. A sa kwali mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a gefe-gefen zanen, tsakaninsa da gilashin, in ba haka ba raɓa ta taru, zanen ya manne. A guji roba a madadin gilashi, don in an goge ta da busasshen tsumma tana jan garin gawayin. Salatif ma kada a kusanto da shi, gam ɗinsa yana barin tabo ruwan ƙasa.

Daminar Jos ita ce abin tsoro. Bango mai danshi yana jawo fumfuna, saboda haka a liƙa 'yan guntayen katako a bayan firam don iska ta ratsa, a kuma kauce wa inda rana ke duka, tana sa takarda ta yi rawaya.

Wanda bai karɓi nasa ba ya zo da kwali biyu masu ƙarfi, domin ba a naɗe zanen. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Malam lafiya da basira.