Makunnin hannu da nake bari a kowane akwati

Shekara tara ke nan ina haɗa akwatunan sarrafa famfo a shagona da ke Kano, ni da yara huɗu. Akwatin ne ke kunna sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiya, idan ruwan tanki ya yi ƙasa, ya kashe shi idan ya cika, ya kuma tsayar da shi idan rijiyar burtsatse ta ja baya don kada ya ƙone. A da aikin bai wuce masallatai da gidajen masu hali ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani na wajen Kura da Garun Malam suka fara ajiye injinan fetur suna komawa sola, mu kuma muka rasa lokacin zama.

Akwai aikin da har yau nake jin kunyarsa. Famfon wani ƙauye ne, tankin lita 5,000. Na zuba masa duk fasahar da na iya, har da layin waya, ina kunnawa daga shago. Na garƙame akwatin da kwaɗo, na taho da mukulli, wai kada a yi masa karambani. Bayan wata biyu fulot ɗin cikin tanki, wato abin da ke bin saman ruwa yana nuna wa na'ura yawansa, ya maƙale a sama, na'ura ta ɗauka tanki cike yake. Sabis kuma ya ɗauke. Kwana uku mata da yara na zarya rafi, ga rana na dukan farantan sola a banza. Da na isa, wani dattijo ya dube ni ya ce, "Yaro, injinka ya fi mu wayo, amma shi ba ya jin ƙishirwa."

Daga ranar kowane akwati nawa yana da makunnin hannu, an rubuta "kunna" da "kashe" da boko da ajami. Mukulli yana hannun mutanen gari. Ba na karɓar cikon kuɗina sai na koya wa mutum biyu yadda ake duba fulot da goge ƙurar hunturu daga faranti. Kayan da babu irinsu a kasuwar Sabon Gari kuwa na daina sa su, komai kyansu.

Inda muke yawan saɓani da manoma shi ne agogon da nake sa wa famfo, mai kashe shi idan awannin da aka ƙayyade sun cika. Lokacin fetur, tsadar mai ce ke sa mutum ya kashe inji. Rana kuwa kyauta ce, sai a bar sumo yana ta zuƙa tun hantsi har la'asar, tumatir ya sha ya ƙoshi, sauran ya bi kwari, rijiyar maƙwabci ta fara ba da laka.

A makon jiya wani Alhaji ya ce in cire masa agogon, ai da kuɗinsa ya saya. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu ƙara awa ɗaya, mu ga yadda gonar za ta yi zuwa Juma'a." Ya amince da ƙyar. Gobe zan tura yaro ya duba ko ya yi wa agogon haɗin baya.