Talata: wasiƙar da aka aika wa Rothschild

Yau sai ƙarfe biyu nake da aji, don haka na yi hantsi a ɗaki ina haɗa darasin asalin rikicin Falasɗinu. Yawancin masu koyar da shi daga taron Basel na 1897 suke farawa, wanda Theodor Herzl, jagoran masu neman kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, ya kira. Ni na fi so ɗalibaina su ja baya shekara sittin, su ga wasu malaman Yahudawa da ba su da soja, ba su da gwamnati, sai alƙalami da takarda.

Wanda ya cinye mini lokaci shi ne Rabbi Zvi Hirsch Kalischer, mazaunin garin Thorn da ke hannun Prusiya a lokacin, yau kuma yana cikin Poland. A 1836 ya rubuta wa Amschel Rothschild, attajirin Frankfurt, doguwar wasiƙa yana roƙonsa ya sayi ƙasar daga hannun Muhammad Ali na Masar, wanda ya ƙwace Sham daga Turkawa a shekarun nan. In hakan ta gagara, a sayi birnin Ƙudus, ko ma wurin da Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa, yake a da, a dawo da yankan hadaya. Da na zo nan sai da na ajiye biro na ɗan yi shiru, don wurin da yake nufi shi ne harabar da Masallacin Ƙudus yake. Cinikin bai yiwu ba, Muhammad Ali ma ya rasa Sham bayan 1840. Amma hujjar Kalischer ta rayu. Cewa yake fansar Yahudawa ba za ta faɗo daga sama rana ɗaya ba, sai sun fara motsawa da kansu, sun koma sun yi noma, sannan Allah ya cika sauran.

A wajen malamansu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ɗaruruwan shekaru ana karantar da cewa a yi haƙuri a jira Almasihu, kuma akwai wurin da Talmud, babban littafin shari'arsu, ya kawo rantsuwar kada su koma ƙasar gaba ɗaya da ƙarfi. Shi ya sa wasiƙu suka yi ta kai-komo. Kalischer ya kai batun hadaya gaban malaminsa Akiva Eger na Posen, shi kuma ya tambayi surukinsa Moshe Sofer na Pressburg. Abokin karatunsa Elijah Guttmacher ya mara masa baya. Samson Raphael Hirsch na Frankfurt kuwa ya ƙi ƙememe, abin da Kalischer ke ɗauka aikin lada shi laifi yake ganinsa. Salon ya tuna mini wasiƙun Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi, malami na jefa wa malami nassi, alhali abin da ke ƙarƙashin gardamar ƙasa ce da rayukan mutane.

Akwai kuma Yehuda Alkalai na Semlin, kusa da Belgrade, wanda ƙazafin da aka yi wa Yahudawan Dimashƙa a 1840 ya girgiza. An ce sun kashe wani limamin Kirista don su yi amfani da jininsa, aka kama su aka azabtar. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma duk mai son gaskiya dole ya yarda mutanen nan suna da dalilin jin tsoro. Kakan Herzl na cikin jama'ar Alkalai a garin nan.

Aji ya tafi daidai. Bayan la'asar na biya ta gidan Kawu in kai masa maganin hawan jini, na tarar da shi a zaure kan buzu, rediyo a gefen kunne ana labaran Gaza. Bayan mun gaisa na ba shi labarin abin da na yini a kai.

"Kai ɗan nan, ba Turawan Ingila ne suka kawo su ba? Balfo ɗin nan?"

Na ce, "Haka ne Kawu, amma takardar Balfour a 1917 aka yi ta. Wannan wasiƙa ta girme ta da shekara 81."

Ya rage muryar rediyon. "To su masu gonakin fa, da aka ce a sayi ƙasa, an tambaye su?"

Tambayar da ta dame ni ke nan tun safe. A shirin da Kalischer ya shimfiɗa a littafinsa Derishat Tzion na 1862, akwai tara kuɗi, akwai sayen filaye, akwai makarantar noma, akwai masu gadi Yahudawa da za su tsare ƙauyukan daga hari. Wato ya san da mutane a wurin. Sai dai a matsayin hatsarin da za a kare kai daga gare shi suka shigo lissafi, magana kuwa da sarakuna da attajirai ake yi. Ba na ɗora wa Kalischer alhakin korar Falasɗinawa ta 1948, ya rasu tun 1874 a Thorn bai taɓa ƙaura ba, kuma abin da ya fi damunsa shi ne talakawan Yahudawan Ƙudus da ke rayuwa kan sadakar da ake aiko musu daga Turai. Amma giɓin yana nan tun a takardun farko, kuma ina ganin wajibi ne ɗalibi ya gan shi da idonsa. Makarantar noman ta tabbata a 1870, Mikveh Israel kusa da Yafa, tun Kalischer yana raye.

Abin da ya fi ɗaure wa Kawu kai shi ne Hirsch. Bai taɓa jin cewa manyan malamansu sun yi adawa da komawar tun farko ba. Ya ce in rubuto masa sunayen da shekarun da manyan baƙaƙe in kawo ranar Juma'a, don abokan hirarsa na majalisa ba za su yarda da baki kawai ba.