Na Je Hardwick Hall, Gidan Da Gilashi Ya Fi Bango Yawa

Daga Sheffield muka ɗauko hanya ni da wani ɗan uwana da ke karatu can, muka hau babban titin M1 muka yi kudu, tun kafin mu sauka daga titin ya ce ɗan duba can saman tudu, sai ga gini tsaye yana ta ƙyalli. Hardwick Hall kenan, a yankin Derbyshire kusa da garin Chesterfield.

Mace ce fa ta gina shi, abin da ya fara ɗaure min kai kenan. Bess ta Hardwick ake ce mata, aurenta huɗu, kowane miji ya rasu ya bar mata dukiya, na ƙarshen shi ne George Talbot mai sarautar Shrewsbury da ya rasu a 1590, a shekarar kuwa aka fara aikin, ta tare a 1597. Robert Smythson ne ya zana ginin. A saman hasumiyoyin nan shida an sassaƙa haruffan sunanta E da S (wato Elizabeth Shrewsbury) da dutse, manya-manya, daga nesa ma kana karantawa. Ni dai ban ga laifinta ba, wanda ya gina abu irin wannan ai ya isa ya sa hannu.

Sai maganar tagogi. A wancan zamanin gilashi kayan masu hannu da shuni ne, ita ko ta zuba shi son ranta har mutanen yankin suna da karin magana cewa gilashin gidan ya fi bangonsa yawa, kuma wallahi ba su yi ƙarya ba. Dabarar da magina suka yi ita ce suka mai da murhu da bututun hayaƙi cikin bangayen tsakiya don na waje su samu filin taga. In ka lura tagogin ƙasa su ne ƙanana, na tsakiya sun fi su, na sama kuwa zanƙala-zanƙala, domin ƙasa na barori ne da madafi, tsakiya nata da iyalinta, can sama kuma na manyan baƙi, wato iya matsayinka iya hawanka.

Da ka shiga ƙofa babban falo ne, kamar zaure a gidajenmu, nan kowa ke fara tsayawa, sai dai shi ya ratsa gidan ne daga gaba har baya, wanda sabon abu ne a Ingila lokacin. Daga nan matakalar dutse mai faɗi ta ɗauke ka tana lanƙwasa tana sake lanƙwasa, kana haki kana cewa yaushe za a kai, ina ganin da gangan aka yi don baƙo ya iso jikinsa a sanyaye. Kwatsam sai ka faɗa babban ɗakin karɓar baƙi, haske ko'ina, a saman bango an yi zanen farauta da daji da dabbobi a jikin yaɓe, ƙasa an shimfiɗa tabarmar saƙa mai ƙamshin ciyawa. Gefensa akwai dogon falo da ya kusa mita 50, bango duk labulayen saƙa masu labarin Gidiyon na cikin Baibul da ta saya a 1592. Nan na fi daɗewa gaskiya, na kai ƙarshe na dawo na sake komawa har ɗan uwan nawa ya gaji ya nemi wurin zama. Sanyi kam akwai shi, gilashi ba ya riƙe ɗumi.

Gidan yana mataki na ɗaya a rajistar gine-ginen tarihi na Ingila, ko taga ɗaya ba ka isa ka canza ba sai da izinin hukuma, in ka yi gaban kanka laifi ne a doka. Jikokinta masu sarautar Devonshire sun miƙa shi a madadin harajin gado, tun 1959 yana hannun National Trust, wata ƙungiya mai kula da wuraren tarihi, su ke gyara da kula da masu ziyara.

Kafin mu tafi muka leƙa tsohon gidanta da ke dab da shi, wanda ba ta ma gama ba ta fara wannan. Shi kango ne yanzu ba rufi, amma har yau akwai ragowar adon yaɓe manne a saman bango, ruwa da iska na dukansa, abin ya taɓa min zuciya sosai. Yamma ta yi, masu gadi sun fara rufe ƙofofi, dole muka nufi mota.